Kujerar Jirgin Sama Ba Kayan Ɗaki Ba Ce

Jawabin Jami'in Watsa Labarai na Tarayya ga taron shugabannin jama'a, 'yan kasuwa da masu sana'ar sufuri



Na san akwai waɗanda, da suka ji abin da za a yi magana a kansa yau, suka ce a ransu, "Mu da ko babban jirgi sai aikin Hajji ke haɗa mu da shi, ina ruwanmu da ƙarami?" Ba su yi laifi ba. Amma ƙaramin jirgin sama ya daɗe da shiga harkokin ƙasar nan. Attajirai suna hayarsa, 'yan siyasa suna yawon neman ƙuri'a da shi, kamfanonin mai suna kai ma'aikatansu bakin aiki a tsakiyar ruwa da jirgi mai saukar ungulu, wani lokaci kuma da shi akan ɗauko majiyyaci daga nesa. Wanda bai taɓa shiga ba, wataƙila wata rana maigidansa ya ce masa, "Taho ka raka ni." Ga kuma 'ya'yanmu suna koyon tuƙi da gyaran jirgi a kwalejin nan ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964. Saboda haka maganar ta shafe mu.

Abin da na zo in faɗa guda ɗaya ne, ko da yake zan zagaya da ku ƙasashe kafin in gama. Kujerar da ke cikin jirgin sama ba kayan ɗaki ba ce da za a ja ta nan, a tura ta can, ko a ƙaro wata in baƙi sun yi yawa. Gaɓa ce daga gaɓoɓin jirgin. Yawan kujerun, da inda aka kafa kowace, da irin ƙusar da ta riƙe ta, duka da lissafi aka yi su, kuma sai da hukuma ta sa hannu a kan lissafin sa'an nan ta yarda jirgin ya ɗauki ɗan Adam.

Bari mu fara daga tasha, inda kowa ya sani. Akan sayo motar haya, a wuce da ita wurin mai walda, ya matse kujerunta ya ƙara layi guda, ya kafa ɗan benci a bakin ƙofa. In an cika, yaron mota ya ce a gyara zama, a ƙara mutum ɗaya. Wannan ma laifi ne, kuma rayukan da ya ci Allah kaɗai ya san iyakarsu. Duk da haka mota tana da ƙafa huɗu a ƙasa. In kaya ya yi mata yawa a baya sai ta durƙusa, direba ya ji a hannunsa, ya ratse gefen hanya a rage. Jirgin sama kuwa ba shi da gefen hanya. Abin da muke tsoro shi ne mutum ya ɗauki dabarar tasha ya kai ta filin jirgi.

Ku dubi ɗan garuwa mai sanda a kafaɗa. Garwa biyu ne rataye, ɗaya gaba ɗaya baya, kuma akwai wuri guda a jikin sandar inda in ya aza kafaɗarsa nauyin zai daidaita. Wannan wuri shi ne masana suke nufi da abin da muka fassara da cibiyar nauyi. In ka matsar da garwar baya zuwa can ƙarshen sanda, ruwan bai ƙaru da ko cokali ɗaya ba, amma sai ka ga gaban sandar ya ɗaga sama, sai ɗan garuwa ya gyara kafaɗa. To, jirgi a sararin sama rataye yake a kan fikafikansa kamar yadda sandar nan take a kafaɗa, sai dai shi ba ya iya matsar da fikafikansa. Abin da yake da shi kurum wani ɗan fiffike ne a kwance a wutsiya, wanda matuƙi ke motsawa da sitiyari domin ya ɗaga hancin jirgin ko ya danne shi, kuma ƙarfin wannan ɗan fiffike yana da iyaka. Don haka ne maƙeran kowane jirgi suke rubuta iyaka biyu, ta gaba da ta baya, su ce lalle cibiyar nauyi ta tsaya tsakaninsu. A ƙananan jirage da yawa tazarar da ke tsakanin iyakokin nan ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu ba.

Lissafin kansa ba shi da wuya: nauyin mutum sau nisansa daga cibiya. Mai kilo 70 da ya zauna mita ɗaya bayan cibiya, 70 ke nan. Shi ɗin dai, in aka kafa masa kujera mita uku baya, a wurin da aka tanada domin 'yan jakunkuna, ya zama 210, watau kamar mutum uku. Kuma ku lura, duk mai neman inda zai cusa ƙarin kujera a jirgi, baya yake dubawa, gama can ne fili yake. Sa'ad da jirgi mai nauyin baya ya bar ƙasa, hancinsa yakan yi ta ɗagawa ba da son matuƙi ba. Ya tura sitiyari gaba iyakar ƙarfinsa, hancin ya ƙi sauka. Gudu ya ragu, iskar da ke tallafe da fikafikai ta sake su, jirgin ya kife ta gefe guda. Da a can sama ne, da akwai sararin da za a ceto shi. Amma wannan abu a wajen tashi yakan faru, sa'ad da jirgin bai fi tsawon rimi biyu ko uku daga ƙasa ba.

Ran 30 ga Nuwamba, 2019, a wani ƙaramin gari mai suna Chamberlain cikin jihar Dakota ta Kudu a Amurka, waɗansu dangi su 12, har da matuƙin, suka gama farauta za su koma gida. Jirginsu samfurin Pilatus PC-12 ne mai inji ɗaya, kujerunsa 10. Watau mutum biyu ba su da mazauni. Ga shi kuma ya kwana a waje dusar ƙanƙara ta zuba masa, an share inda hannu ya kai, ta kan wutsiya ta saura. Da tashinsa bai yi nisa ba ya faɗa gonar masara. Mutum 9 suka rasu, uku suka tsira da munanan raunuka. Da hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta yi lissafi, sai ta ga nauyin da ya haura ƙa'ida kimanin kilo 50 ne kurum, cibiyar nauyi kuwa ta wuce iyakar baya da santimita 10 zuwa 14. Ku auna wannan da hannunku, bai kai taƙi guda ba. Hukumar ta lasafta wannan mugun lodi cikin abubuwan da suka sa jirgin ya kuɓuce wa matuƙinsa.

Wani abin da ya fi wannan yaɗuwa a duniya ya faru ran 25 ga Agusta, 2001, a Marsh Harbour cikin tsibiran Bahamas. Shahararriyar mawaƙiyar nan ta Amurka, Aaliyah, 'yar shekara 22, ta gama aikin ɗaukar hoto da jama'arta, suna ɗokin komawa Fulorida. Jirgin da ya kawo su ya fi girma, wanda ya zo ɗaukarsu kuwa Cessna 402 ne, ƙarami. Suka ce duk da haka sai ya kwashe su da kayansu gaba ɗaya. Wani matuƙi da ke filin ya ba da labari cewa ya ji ana gardama, mai tuƙin yana cewa nauyi ya yi yawa. A ƙarshe dai aka shiga. Jirgin ya faɗi kimanin mita 60 daga ƙarshen titin tashi, duk mutum 9 da ke ciki suka rasu. Bincike ya nuna ya haura ƙa'idarsa da wajen kilo 320, yana ɗauke da fasinja ɗaya fiye da yadda aka yarje masa, kuma nauyin ya taru a baya. Abin da ya tsaya mini a rai cikin wannan labari shi ne gardamar nan ta bakin ƙofa. Matuƙin ya san gaskiya, ya faɗe ta, sa'an nan ya bari aka fi ƙarfinsa. Hausawa sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, ban kuwa san inda karin maganar nan ya fi dacewa ba kamar a filin jirgi.

Ko tashi daga mazauni ma kaɗai yana iya jawo masifa a ƙaramin jirgi. A Bandundu ta ƙasar Kwango, ran 25 ga Agusta, 2010, wani jirgi samfurin Let 410 ya faɗi yana shirin sauka, mutum 20 suka mutu. Mutum ɗayan da ya tsira ya ce kada ne ya kuɓuce daga jakar wani fasinja, jama'a suka ruga gaba gaba ɗaya, jirgin ya tuntsura. Masu bincike ba su tabbatar da zancen kadan nan ba, amma babu masanin da ya ce taruwar mutane wuri guda ba ta isa ta kā da jirgi irin wannan ba.

Wannan ke nan game da daidaiton nauyi. Akwai kuma batun ƙarfi. Ba domin lafiyayyar tafiya kaɗai aka ƙera kujerar jirgi ba, an ƙera ta ne domin ranar da za a yi saukar dole a gona ko a daji. Tsohuwar ƙa'idar Amurka, wadda a kanta aka ƙera yawancin ƙananan jiragen da ke yawo a duniya, ta ce lalle kujera da ɗamararta su iya riƙe mutum ko da tsayawar farat ɗaya ta wurgo shi gaba da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau 9. A 1988 aka tsaurara ta ga sababbin samfura: a ɗaura mutum-mutumi a kujera, a buga ta a ɗakin gwaji da ƙarfin ninki 26 in ta layin gaba ce, ninki 21 in ta baya ce. Mu tsaya a kan ninki 9 ɗin ma. Mai kilo 70 ya zama kilo 630, watau buhun siminti 12 da ɗoriya, duka a kan 'yan ƙusoshin da suka riƙe ƙafafun kujera. Daɓen ƙaramin jirgi kuwa falle ne na alminiyam marar kauri. Wurare ƙalilan ne aka ƙarfafa daga ƙarƙashi domin su ɗauki kujera, kuma a jirage da yawa ta ƙarƙashin daɓen nan ne wayoyin sitiyari da bututun mai suke bi. Wanda ya zo da abin huda ya kafa benci inda ya ga dama, bai san abin da ya taɓa ba. Ranar haɗari bencin zai tumɓuke da mutumin da ke kansa, su haɗu su murƙushe na gabansu, ko su toshe ƙofar da sauran za su fita. Hatta soso da yadin kujera sai an gwada su da wuta kafin a yarda da su, abin da mai ɗinkin kushin na kasuwa bai taɓa ji ba.

Iyaye mata, ga naku. Yaro mai kilo 10, a irin wannan tsayawa, nauyinsa kilo 90 ne. Babu uwar da ƙaunarta za ta sa hannunta ya riƙe kusan buhun siminti biyu da aka fizge cikin ƙiftawar ido.

Batun yara ya kawo mu ga abin da ya faru a Butte, jihar Montana ta Amurka, ran 22 ga Maris, 2009. Nan ma PC-12 ne mai kujera 10, ya taso daga Kalifoniya da mutum 14, bakwai daga ciki ƙananan yara. Ya faɗi cikin wata maƙabarta dab da filin jirgi, ba wanda ya fita. Wajibi ne in faɗi gaskiya, ba rashin kujera ne ya kā da shi ba. Matuƙin bai zuba maganin da ke hana ƙanƙara daskarewa cikin mai ba, mai ya riƙa taruwa a fiffiken hagu har ya rinjayi jirgin, shi kuma ya yi jinkirin sauka. Amma binciken ya nuna jirgin ya tashi da nauyin da ya haura ƙa'ida da fiye da kilo 250, kuma aƙalla huɗu daga cikin yaran ba a ɗaure suke yadda ya kamata ba. Hukumar binciken ta ce ko da yake wannan faɗuwa ba mai tsira daga gare ta, da mai sauƙi ce, yaran nan su ne za su fi kowa shan wuya. A 2010 ta ba da shawara cewa kowane rai a jirgi ya sami kujerarsa da ɗamararsa. Ni abin da na ɗauka daga nan shi ne, in ka ga an yi sakaci da ƙidayar kujeru, wadda kowa ke iya gani da idonsa, to ka tambayi kanka irin sakacin da aka yi a inda ba ka gani.

Yanzu mu zo kan sāke fasalin cikin jirgi, wanda shi ne ainihin abin da ya tara mu. A Fox Glacier, cikin tsibirin kudu na ƙasar Niyu Zilan, akwai wani jirgi samfurin Fletcher FU-24 wanda aikinsa na asali watsa taki ne a gonaki. Aka cire rumbun takin, aka mai da wurin ɗakin ɗaukar masu dira da laima, suna zaune a daɓe, ba abin da ya ɗaure su. Wajen wata uku da fara wannan sabon aiki, ran 4 ga Satumba, 2010, ya tashi da mutum 9. Waɗanda suka gani sun ce ya miƙe kusan a tsaye, ya kai kimanin mita 100, sa'an nan ya juyo ya soki ƙasa. Duka suka rasu, huɗu daga cikinsu baƙi ne 'yan yawon buɗe ido. Rahoton hukumar bincike na 2012 ya ce ba a tafiyar da aikin sāke jirgin yadda ya kamata ba, takardun aikin suna da kurakurai, hukumar kula da jiragen ƙasar kuma ta karɓe su ba ta gano ba. Har wa yau masu jirgin ba sa yin lissafin nauyi da daidaito kafin tashi, don haka ya sha tashi da cibiyar nauyi a bayan iyaka ba su sani ba. A 2015, bayan an sake duba tarkacen, hukumar ta gyara maganarta, ta ce da wuya a ce nauyin baya shi kaɗai ya jawo faɗuwar. Wannan gyara abin yabo ne, haka ya kamata mai bincike ya yi. Amma bai wanke aikin sāke jirgin ba, kuma tun cikin kwanakin da suka biyo bayan haɗarin aka hana irin waɗannan jirage ɗaukar masu laima fiye da shida. Abin lura a nan shi ne, ba ƙara kujera kaɗai ke canza jirgi ba. Cire abu ma yana canza shi, kuma jirgin da aka sāke wa ciki ya zama wani jirgi dabam, sai an sake aza shi a kan sikeli.

Akwai wata ɓarna kuma da ba ta fi girman ɗan yatsa ba. Kujerar matuƙi a ƙananan jiragen Cessna a kan dogo biyu take gudu, kamar ta direban mota, wata 'yar ƙusa ce ke faɗawa cikin rami ta tsai da ita. In ramukan suka cinye, ko ƙusar ba ta zauna sosai ba, sai kujerar ta zame baya daidai lokacin da jirgi ya ɗaga hanci zai tashi. Mutum kuwa in ya ji zai faɗi, abin da ke hannunsa yake riƙewa, abin da ke hannun matuƙi kuma sitiyari ne. Sai ya jawo shi baya, hancin jirgi ya ƙara ɗagawa, ƙafafunsa kuma sun bar matakai. Saboda yawan aukuwar haka ne hukumar jiragen sama ta Amurka ta ba da umarni a 1987, ta sabunta shi a 2011, cewa a riƙa duba dogayen nan bayan kowace awa 100 ta tashi ko kowane wata 12. Kamfanin kuma ya fito da wani waigi na biyu da zai tare kujerar in ta zame. A Caboolture ta ƙasar Ostireliya, ran 22 ga Maris, 2014, wani Cessna 206 da aka cire wa kujerun fasinja domin masu laima ya faɗi da tashinsa, ya kama wuta, mutum 5 suka mutu. Wuta ta cinye shaida da yawa har masu bincike suka kasa yanke hukunci a kan dalili guda, amma zamewar kujerar matuƙi tana cikin abubuwan da suka auna, kuma sun tabbatar ba a sa wa jirgin wannan waigi na biyu ba, alhali kamfanin ya ce wajibi ne.

Kada kuma a ɗauka duk mai ƙari a jirgi mugun nufi gare shi ko kwaɗayi. Wani da niyyar tsaro yake yi, ya kashe mutane. A birnin Niyu Yok akwai masu ɗaukar 'yan kallo a jirgi mai saukar ungulu da aka cire wa ƙofofi domin su ɗauki hoto. Don kada wani ya faɗo, sai suka ƙara wa kowane fasinja wata ɗamara irin ta masu aiki a kan dogayen gine-gine, aka ƙulle ta da ƙugiya ta bayansa, hukuma ba ta taɓa gwada ta a jirgi ba. Ran 11 ga Maris, 2018, igiyar fasinjan gaba ta sarƙafe da hannun da ke rufe mai, inji ya mutu. Matuƙin ya yi ƙoƙari ya sauke jirgin a kan Kogin Gabas, dukansu da ransu. Amma balan-balan ɗin da ke sa shi yawo a kan ruwa ba su cika daidai ba, jirgin ya kife. Matuƙin, da yake ɗamarar asali ce a jikinsa, ya ɓalle ta da hannu ɗaya ya fito. Fasinjoji biyar ɗin suka kasa kai hannu ga ƙugiyar da ke bayansu, suka nutse a ɗaure. Cikin watan nan hukuma ta hana irin wannan tashi da ɗamarar da ba a iya kwancewa nan take.

To, me doka ta ce a nan gida? Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar Shikago ta 1944 tun shekarar samun mulkin kai, 1960, don haka ƙa'idodinmu a kan na duniya aka gina su. Hukumar kula da harkokin jiragen sama ta ƙasa, watau NCAA, ita ke ba kowane jirgi takardar shaidar lafiya, kuma takardar nan tana aiki ne muddin jirgin yana nan yadda aka amince da shi. Ba a hana mai jirgi ya sāke tsarin kujerunsa ba. Abin da aka hana shi ne ya yi da ka. Hanyar ita ce a sami zanen aikin da maƙeran jirgin ko wata hukuma da aka yarda da ita suka amince da shi, a nemi yardar NCAA, injiniya mai lasisi ya yi aikin a ma'aikatar da aka yi wa rajista, da kayan da ke da takardar asali. In an gama a gyara takardar nauyi da daidaito ta jirgin, a rubuta aikin cikin littafinsa, injiniyan ya sa hannu da sunansa. Dokokin sun kuma tanadi cewa duk wanda ya kai shekara biyu lalle ya sami mazauninsa da ɗamararsa wajen tashi da sauka. Na san hanyar tana cin kuɗi da lokaci, masu jirage suna kuka da ita, wani kukan ma da gaskiyarsu. Amma kowane mataki a cikinta wani ne ya mutu kafin a rubuta shi.

Inda ɓarna ta fi samun ƙofa shi ne jirgin da aka yi wa rajista domin amfanin mai shi kaɗai, sa'an nan a riƙa haya da shi a ɓoye. Irin wannan ba ya shan binciken da jirgin haya na halal yake sha. A 2024 NCAA ta dakatar da izinin waɗansu masu jiragen kansu saboda wannan laifi. Don haka, alhazai 'yan kasuwa, in za ku yi hayar jirgi ku nemi ganin takardar izinin haya ta kamfanin. Mai gaskiya ba zai ji haushin tambayar ba.

Sauran maganar taku ce, ku fasinjoji, musamman manya masu tafiya da 'yan rakiya. Kafin ka hau, ƙidaya kawuna, ƙidaya kujeru. In kawuna sun fi, wani ya bi mota, kada a ce ai yaro ne, ya zauna a kan jaka. In ka shiga ka dubi ƙafafun kujerarka, in ka ga walda irin ta bakin titi, ko katako, ko kujerar da ba ta yi kama da 'yan'uwanta ba, ko wadda ba ta da ɗamara, ka yi tambaya, in amsar ba ta gamsar da kai ba ka sauka. In an ce ka hau sikeli, ba raini ba ne, ko kai wane ne, kuma in an tambayi nauyinka kada kunya ta sa ka rage. In matuƙi ya ce wane ya dawo gaba, wane ya koma baya, ba girma yake rabawa ba, garwa yake daidaitawa. Na sha jin ana cewa, "Yaron nan da ɗana ya girme shi ne zai ce mini in bar akwatina?" I, ranka ya daɗe, shi ne. A doka, daga sa'ad da aka rufe ƙofa har a buɗe ta, maganar matuƙi ita ce ta ƙarshe, ko da mai jirgin ne ke zaune a baya. Ku kuma matuƙa da injiniyoyi, 'ya'yanmu da ƙannenmu, mun san ba abu ne mai sauƙi ba ma'aikaci ya dubi mai biyansa albashi ya ce a'a. Amma sunanka ne a littafin jirgin, kai ne kuma a kujerar gaba.

Wanda ya ga abin da bai kwanta masa a rai ba, ya kai rahoto ofishin NCAA da ke filin jirgin sama mafi kusa da shi. In kuwa haɗari ne ya auku, ko aka tsallake rijiya da baya, akwai hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, NSIB, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohon ofishin binciken haɗurran jiragen sama. Aikinta gano dalili ne domin a hana maimaituwa, ba ɗaure mutane ba. Abin da za a buƙata daga gare ka kaɗan ne: ranar da abin ya faru, da filin da aka tashi, da lambar da ke rubuce a jikin jirgin wajen wutsiya. Ta jiragen da aka yi wa rajista a Nijeriya da 5N take farawa, sai haruffa uku su biyo baya. Ka rubuta su tun kana wurin, kada ka dogara da ka.

Shugaban taro, na ci lokacinku da yawa. In akwai tambayoyi, ina nan.